Wace rikoda za ka saya don ɗaukar sauti a waje: waya, H1n, H5, F3 ko MixPre?

In kana ta kai-kawo tsakanin ƙaramar rikoda ta aljihu, da babba mai ramin jona manyan makirufo da ake kira XLR, da kuma zaman da kake yi da wayarka kana cewa ai ita ma tana ɗauka, toh kafin mu ambaci sunan kowace na'ura akwai tambayar da sai ka amsa wa kanka: me za ka ɗauka, kuma yaya ƙarfin sautinsa yake? Mutum mai magana a gabanka daban, taron masu kiɗa da ganguna daban, kukan tsuntsu da asuba daga can nesa kuma shi ne ya fi kowa wahala. Rikodar da za ta yi maka hira lafiya lau ita ce za ta cika maka kunne da "shuuuu" ranar da ka je ɗaukar abu mai sanyin sauti.

Ni abin da ya koya min wannan darasin wata hira ce da na yi da wani dattijo, kusan awa biyu muna zaune ƙarƙashin bishiya yana ba ni tarihin da ba a rubuce yake ba. Rikodar tawa sabuwa ce fil, na sa mata ɗan soson nan da ake sawa a kan makirufo, na ajiye ta kan benci a tsakaninmu, ban sa hedfon ba don ina ganin kamar rashin ladabi ne. Iskar ma ba wata mai ƙarfi ba ce, irin wadda ke ɗan kaɗa ganye ce kawai. Da na dawo na saurara, duk inda ya zo kan suna ko shekara sai ka ji "bufff bufff" ta danne muryar. Wallahi har yau abin yana ci min rai, don ba a sake samun zama irin wannan ba. Rikodar ba ta da laifi. Hular gashin nan da ake rufe makirufo da ita don tare iska ce babu, hedfon babu, kuma na ajiye ta nesa da bakinsa. Shi ya sa duk lissafin da zan yi a nan, da waɗannan ƙananan kayan nake yinsa.

Abubuwan da za ka auna

Na farko, ƙarar da na'urar ke yi ita kanta. Kowace rikoda tana da wani ɗan sashe a ciki da ke ƙara wa siginar makirufo ƙarfi, masu sana'ar suna ce masa firiyam, kuma duk firiyam yana da nasa "shuu" ɗin. In sautin da kake ɗauka mai ƙarfi ne ba za ka ji shi ba sam, amma da zarar ka murɗa gen, wato maɓallin ƙara ƙarfin sautin da ke shiga, sama don kamo abu mai sanyi sai ya fito fili. A takardar na'ura za ka ga an rubuta EIN da wata lamba, misali Zoom H5 an rubuta mata -120 dBu, Zoom F3 kuma -127 dBu. Wadda lambarta ta fi nisa ƙasa ita ta fi shiru. Tazarar 7 a ido kamar ba komai ba, amma a kunne, a wurin da ya yi tsit, bambanci ne babba.

Na biyu, ramukan da ake jona makirufo. Ƙananan rikodoji suna da ɗan rami na 3.5mm irin na hedfon, yana ba da 'yar wuta kaɗan da ta isa ƙananan makirufo irin na maƙalawa a riga. Manyan kuma suna da XLR, ramin nan mai fil uku da ke kulle kebul ba ya zarewa, kuma suna ba da wutar 48V da manyan makirufo ke buƙata. In ka san nan gaba za ka sayi dogon makirufon nan da ake nuna shi saitin mai magana, toh yawancinsu sai da XLR.

Na uku, fashewar sauti. A rikoda mai 24-bit kai za ka saita gen da hannunka, an saba barin allurar da ke nuna ƙarfin sauti tana kaiwa wajen -12 dB in sauti ya yi ƙarfi, don a bar sarari. In ka cika shi, wani ya yi dariya ko aka buga ganga ba zato, sautin zai fashe, kuma wanda ya fashe ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Sababbin da aka rubuta musu 32-bit float sun ɗauke maka wannan ciwon kai, kana ɗauka kawai daga baya ka ɗaga ko ka sauke a kwamfuta. Amma a kula, don mutane na ruɗuwa a nan: 32-bit float ba ya rage "shuu" ɗin firiyam, ba ya hana iska, ba ya jawo maka mai magana kusa, kuma in sautin ya fi ƙarfin makirufon kansa zai fashe tun kafin ya shiga rikodar. Matsala guda ɗaya yake warwarewa, ta saita gen. Matsalar babba ce ga mai aiki shi kaɗai, amma ita kaɗai ce.

Sai batir, da ƙarkon jiki, da sauƙin sarrafawa, da kuɗi. Kan batir ni na fi natsuwa da wadda ke cin AA ko AAA, don in ya mutu ana tsakiyar aiki cirewa kawai za ka yi ka zuba wani, saɓanin batirin da ke manne a ciki wanda sai ka nemi wurin caji. Kuma ka sani kunna 48V yana shan batir sosai, awannin da aka rubuta a kwali yawanci ba da ita aka auna ba.

Waya, da makirufo ko babu

Wayar da ke hannunka ita ce mafi arha tunda ka riga ka mallake ta, kuma ba na raina ta. Matsalarta an gina ta ne don kira, so tana da dabi'ar ɗaga sauti da sauke shi da kanta, tana kuma ƙoƙarin goge abin da take ganin hayaniya ce, wanda wani lokacin shi ne ainihin abin da ka zo ɗauka. Manhajar da ta zo da ita ma sau da yawa matse fayil take yi. In ka samu manhajar da ke ɗauka a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, ka jona makirufo na USB irin su Shure MV88+ ko kuma ɗan na maƙalawa a riga, hira za ta fito da kyau har ka yi mamaki. Haɗarin shi ne kira ya shigo ya katse ka, ko wayar ta yi zafi a rana, ko caji ya ƙare alhali ita ce kuma taswirarka da hanyar kiran gida. A sa ta a yanayin jirgi kafin a fara. Wannan ma ko da rikoda kake aiki ka yi haka, don siginar waya na shiga kebul ɗin makirufo ta bar wannan "dit-dirit-dirit" ɗin.

Ƙananan na aljihu: Zoom H1n, H1essential, Tascam DR-05X, Sony PCM-A10

Nan ne yawancin mutane ke farawa, kuma da yawa a nan ya kamata su tsaya. H1n da DR-05X farashinsu na yawo ne a wajen dala 100, duk suna ɗaukar WAV har 24-bit/96kHz, duk suna da makirufo biyu a ka da ramin 3.5mm. Bambancinsu a makirufon yake. Na H1n an gicciye su ne suna kallon gaba, saboda haka sun fi kama abin da ka nuna musu su rage na baya. Na DR-05X kuwa masu ji ta ko'ina ne, suna ba da faɗin wuri da kauri a sauti, iska ba ta cika dukansu kamar na H1n ba, amma in wurin da hayaniya duk za su kwaso maka ita. H1n na cin AAA biyu, wajen awa 10, kati kuma iyakarta 32GB. DR-05X na cin AA biyu, tana kaiwa wajen awa 17, tana karɓar kati har 128GB. H1essential da ta fito a 2024 ita ce ƙanwar H1n mai 32-bit float da USB-C, ga wanda ba ya son batun gen kwata-kwata.

Jikinsu roba ne mara nauyi, kuma wannan yana jawo abu biyu. Ɗaya, in ta faɗi ta kan makirufo akwai matsala. Biyu, ƙarar hannu: ko yatsanka ka ɗan motsa a jikinta sai ya fito a sautin kamar ana jan tebur. Maganin shi ne a ɗaura ta kan ƙaramin tiraifod ko a sa mata mariƙi, duk suna da ramin sukurun a baya. Abu ɗaya kuma game da Tascam da ya kamata sabon shiga ya riƙe: dannawa ɗaya fitilar ja za ta riƙa ƙiftawa ne tana jira, sai ka sake dannawa sannan ta fara ɗauka. Ka saba da kallon lambobin lokaci, in ba sa tafiya ba a ɗaukar komai.

Sony PCM-A10 ta fi su tsada, kusan ninki biyu, ƙarama ce sosai, tana da memori 16GB a cikinta da batirin caji a manne. Masu ɗaukar sautin daji suna sonta saboda ramin 3.5mm ɗinta shiru ne idan aka kwatanta da girmanta. Wannan ya kawo ni kan wata dabara da ba kowa ya sani ba: akwai ƙananan makirufo masu ƙwayar Primo EM272, irin waɗanda ake sayarwa da sunan Clippy, ƙararsu ta kansu wajen 14 dBA ce kawai, wato kaɗan ce ƙwarai. Ka jona biyu a ƙaramar rikoda, ka maƙala su gefe da gefe a jikin jaka ko bishiya kamar kunnuwa, sautin da za ka samu zai fi na makirufon da aka haifi rikodar da shi nesa ba kusa ba.

Matsakaita masu XLR: Tascam DR-40X da Zoom H5

Waɗannan su ne masu yin komai da komai. Suna da makirufo a ka, suna da ramin XLR biyu da 48V, suna ɗaukar layi huɗu a lokaci guda, wato za ka iya jona makirufo biyu wa masu magana biyu kuma na kai suna kwasar sautin wurin. DR-40X tana wajen dala 200, tana cin AA uku, makirufonta ana buɗe su ko a rufe su gwargwadon faɗin da kake so, kuma tana iya ɗaukar kwafi na biyu a ƙasa-ƙasa don in na farko ya fashe ka koma kansa. H5, wadda ta fito a 2014, ta ɗan fi ta tsada, AA biyu take ci, gen ɗinta na murɗawa ne da hannu kowane layi da nasa, wanda ni a wurina ya fi danne-danne sauƙi in kana cikin sauri, kan makirufonta kuma ana cire shi a sa wani iri. Dukkansu suna iya riƙe daƙiƙa 2 na kafin ka danna, abin da ke ceton kalmar farko.

Inda suke gazawa shi ne wurin shiru. In ka jona musu makirufon hannu irin na 'yan jarida, kamar Electro-Voice RE50 ko Shure SM58, waɗanda siginarsu ba ta da ƙarfi, dole ka murɗa gen kusan ƙarshe, a nan "shuu" ke shigowa. A cikin kasuwa ko bakin titi ba wanda zai ji, a ɗaki tsit ko daji da dare kuwa za a ji. H5 ta fi DR-40X dama-dama a wannan fannin. Ga kuma girma, ba sa shiga aljihu, kuma in ka fito da su mutumin da ba a saba yi wa hira ba yakan ɗan ɗaure jiki, wannan ma abin lissafi ne.

Marasa makirufo: Zoom F3 da Sound Devices MixPre-3 II

F3 ta fito a 2022, 'yar dunƙulalliya ce da ba ta cika tafin hannu ba, XLR biyu, 32-bit float, har 192kHz, AA biyu ko ka jona mata fawa-banki ta USB-C. Ba ta da makirufo ko ɗaya, ba ta da ramin 3.5mm na shigar da sauti, ba ta ma da gen da za ka saita. Kuɗinta wajen dala 300 zuwa 350, amma wannan rabin labari ne, don ranar da ka saye ta ba za ka iya ɗaukar ko tari ba sai ka sayi makirufo da kebul da kayan tare iska, waɗanda za su iya kai kuɗinta ko su wuce. In ka haɗa ta da makirufo mai kyau kuwa, tsabtar sautin ta wuce ajin kuɗinta sosai. AA biyu ba sa jimawa in 48V na kunne a duka ramukan, fawa-banki dole ne a doguwar rana.

MixPre-3 II ta kamfanin Sound Devices ce na Amurka, ta fito a 2019, jikinta ƙarfe ne, XLR uku da kuma ramin 3.5mm, 32-bit float, tana da agogon daidaita sauti da kyamara na masu fim, kuma abin da kake ji a hedfon ɗinta garau yake. Kuɗinta ya ninka na F3 sau biyu ko fiye, tana da ci wajen batir, menu ɗinta kuma sai ka zauna ka koya. Na'ura ce ta wanda da ita yake cin abinci.

| Zaɓi | Kuɗi | Shiru | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Waya da makirufo | mafi ƙasa | ya danganta da makirufo | na wayar | sosai | kira, zafi, caji |
| H1n, H1essential, DR-05X | wajen dala 100 | matsakaici | roba, a lallaɓa | sosai | iska da ƙarar hannu |
| PCM-A10 | kusan ninki biyu | mai kyau | daidai | sosai | batir ba ya cirewa |
| DR-40X, H5 | dala 200 zuwa 300 | matsakaici | ya fi na ƙanana | sai an ɗan koya | "shuu" a wurin shiru |
| F3 | dala 300 zuwa 350, ban da makirufo | sosai | mai kyau | mai sauƙi | ƙarin kuɗin kaya, batir |
| MixPre-3 II | ninkin F3 biyu ko fiye | sosai | mafi kyau | sai an koya | tsada, batir |

Farashin yana motsi, an sa shi ne don ka ga tazarar da ke tsakaninsu.

Kayan da ba sa cikin kwalin

Hular gashi ita ce ta farko, ko wace rikoda ka ɗauka. Soso na cikin ɗaki ne, a waje ba ya tare komai sai numfashi. Akwai saitin yanke sautuka masu kauri, na ƙasa da wajen 80 Hz, yana rage gurnanin iska da na mota, amma taimako ne kawai ba madadin hular ba. Sai hedfon mai rufe kunne, irin Sony MDR-7506 ko duk wani mai kebul da ka san sautinsa, kuma ka sa shi tun daga farko har ƙarshe. In kana jin nauyin dattijo, ka yi masa bayani, ka ba shi ya ji muryarsa na minti ɗaya, za ka ga ma ya ƙara sakin jiki.

Tazara kuma ta fi komai da na lissafa tasiri. Duk lokacin da ka ninka nisan makirufo da bakin mai magana a fili, sautinsa na raguwa da wajen 6 dB, hayaniyar wurin kuma tana nan yadda take. H1n a tazarar taƙi ɗaya daga baki za ta doke MixPre da aka ajiye makirufonta can ƙarshen tabarma.

Katin memori, ga lissafi mai sauƙi: sitiriyo a 48kHz/24-bit yana cin kusan 1GB a awa, a 96kHz ya zama kusan 2GB, 32-bit float a 48kHz kuma wajen 1.4GB. Kati mai 32GB kenan zai ba ka kusan awa 30 na hira, ka ga ba sai ka nemi ƙato ba, gara biyu matsakaita na gaske. Jabun kati sun yi yawa, yana nuna maka girma na ƙarya, ya cika ya fara cinye fayilolin farko ba ka sani ba. Ka yi masa fomat a cikin rikodar kanta, ka gwada shi a gida da doguwar ɗauka kafin ranar aiki. Batir kuma ka nemi na caji irin NiMH, ka shiga menu ka gaya wa rikodar irin batirin da ka sa don alamar cajin ta faɗa maka gaskiya, in za ka ajiye ta na tsawon lokaci ka cire su kar su yi ruwa a ciki. Ƙura da danshi ma suna cin makirufo a hankali, jaka mai zif da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi sun isa.

Toh wa zai ɗauki wace?

In hira kake yi da mutum ɗaya, ko ɗalibi ne kai mai tattara bayanan bincike, ko mai adana labaran tsofaffi, ɗauki H1n ko DR-05X, ka haɗa da hular gashi, hedfon da ɗan tiraifod, duka ba za su kai kuɗin H5 ita kaɗai ba. In kana tsoron saita gen, H1essential. In kuɗin ma babu yanzu, makirufon maƙalawa a riga da wayarka a yanayin jirgi, ka fara aiki kar ka jira.

In aikinka rahoto ne ko shirin sauti mai baƙi biyu, ko kana ɗaukar mawaƙa da makaɗa, ko kana son jona kebul daga na'urar haɗa sauti a wurin taro, H5 ko DR-40X. Tsakaninsu ni H5 zan ɗauka saboda gen na hannu da ɗan shirun da ta fi, amma in tazarar kuɗin ita ce za ta saya maka makirufo, DR-40X ba za ta kunyata ka ba a wurin da sauti ke da ƙarfi.

In bidiyo kake yi kai kaɗai, hannu ɗaya na kyamara ido na kan fuska, F3 da dogon makirufo irin Sennheiser MKE 600 ko Rode NTG2. Su biyun suna iya aiki da batir AA guda a cikinsu, sai ka kashe 48V ka ja ran batirin rikodar.

In kuwa tsuntsaye ne, ruwan sama, kwaɗi da dare, iska cikin ciyawa, duk abin da sai an yi shiru ake jinsa, kar ka kashe kuɗinka a matsakaitan nan. Ko dai PCM-A10 da Clippy biyu in kana son abin da zai shiga aljihu, ko F3 da irinsu masu kan XLR in kana son tsabta ta ƙarshe a kuɗin da mutum zai iya. MixPre-3 II ka bar ta sai ranar da aka fara biyanka kan sautin, ko ka shiga aikin fim da ake buƙatar makirufo uku da daidaita lokaci da kyamara.